Ba Kai Ka Bar Rijiya a Buɗe Ba, Tade

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Nuwamba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya yi wa yayana Tade Ketelsen rasuwa a asibiti a garin Husum, yana da shekara saba'in da biyar. 'Yarsa Levke ce ta bugo mini waya. Ta ce, "Gwaggo, Baba ya tafi." Na ce mata to, na ajiye wayar, na koma na ci gaba da wanke kofin da ke hannuna har ruwan ya huce. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa. Gobe Asabar za a binne shi a tudun coci, a tsibirin da aka haife mu.

Ni ce Keike, autar gidanmu, kuma duk wanda ya san ni ya san matsoraciya ce ni. A hawa na uku nake zaune, a unguwar da ba a hango teku ta kowace taga, da gangan kuma na zaɓi wurin. Yau nake rubuta wannan ta'aziyya. Akwai magana a cikina da ta shekara sittin da uku, wadda kai da bakinka ka hana ni faɗa, Tade. Amma da na ci gaba da yin shiru, da gobe a maƙabartar gari za a sa ka cikin mutanen da ba ka sani ba, ba kusa da Baba da Mama ba inda ka roƙa. Zan zo kanta. Bari in fara da abin da kowa ya sani, ko zuciyata ta ɗan kwanta.

Jaridu sun ce an yi rashin babban mai zane wanda ba wanda ya koya masa. Gaskiya ne, sai dai ni ban taɓa ganinka da burushi fiye da minti biyar ba. Guduma na sani a hannunka, da almakashin askin tumaki, da tukunyar kwalta. Shekara ashirin da bakwai ka yi cikin masu aikin bakin teku, kuna kafa turaku a laka, kuna cusa ƙirare a tsakaninsu don ruwa ya riƙa barin ƙasa in ya janye. Sai da bayanka ya ƙi, likita ya ce ka zauna a gida, sannan ka fara yawon tsince-tsince a gaɓa. Katakon da teku ya tofar, gashin tumaki da ya maƙale a waya, tsohuwar raga, fasassun tayil masu shuɗin fenti irin na bangon ɗakin Mama. Ka cika ɗakin girkin matarka Marret da su. Ita kuwa ta yi ta haƙuri, har ranar da ta tarar da busasshen kashin shanu a kan teburin da take kwaɓa fulawa.

Ta ce, "Tade, yau sai ka zaɓa. Ko ni, ko kashin nan."

Ka dube ta, ka dubi kashin, ka ce, "Haba Marret, irin wannan babbar magana ai sai a ba mutum kwana biyu ya yi shawara."

Ta yi dariya har sai da ta zauna. A makon nan ta kwashe tukwanen furanninta daga rumfar bayan gida ta bar maka wurin, a can kuma ka yi shekara talatin kana manne-manne da buge-buge a kan tsofaffin ƙofofi da alluna.

Mutanen birni sun ɗauka wani sabon salo ka ƙirƙiro. Mu da muka taso a tsibiri mun san abin da muke kallo. Ba bishiya a wurinmu ko guda ɗaya, don haka da sanyi ya wuce sai a kwaso kashin da shanu suka tara, a baza a gangaren tudun da aka gina gida a kansa don gudun ambaliya, mu yara mu sa tsofaffin safa mu yi ta tattakawa har ya kwanta, a yanka shi gunduwa-gunduwa a shanya. Da shi ake girki, da shi ake jin ɗumi. Kai ne sarkin masu tattakawa, kana yi kana waƙa, kana watsa wa Yaya Inken, babbar yayarmu, a bayan siket. Duk wannan ka ɗauko ka ɗora a allo: launin ciyawar gishiri bayan ruwa ya sauka, layin tumaki suna hawa tudu, labulen tagar Mama, hayaƙin murhunmu. Da aka kai allunanka Hamburg, wani mai farin gilashi ya tambaye ka a wace makaranta ka yi karatu. Ka ce masa, "A bayan saniya, ranka ya daɗe. Shekara goma sha biyar, kuma ban taɓa makara ba." Mutumin ya rubuta a littafinsa da gaske.

Alherinka kuwa ba ya ƙirguwa, kuma ba ka son a ambata. Na tuna matar wani masunci da mijinta ya fita da kwalekwale bai dawo ba. Ta kawo maka rigar ruwansa a jaka, ta ce ta kasa jefarwa, ta kuma kasa kallonta a rataye. Wata uku ka yi kana aiki a kanta. Da ta zo ɗauka ta ga rigar ta zama filin ciyawa da rana ta faɗo a kai, aljihun kuma ka bar shi yadda yake, a buɗe, don ta riƙa sa hannu. Ta tambaye ka me za ta ba ka, ka ce ta gasa maka kek mai tuffa, amma kada ta gaya wa Marret nata ya fi.

Duk ranar Laraba kuma kakan ɗauki allo ɗaya ka kai gidan tsofaffi. A wuraren nunin zane-zane akan rubuta kada a taɓa, kai kuwa kakan ce su taɓa, su shinshina, in suna so ma su lasa. Akwai wani tsoho da ya shekara bai ce wa kowa uffan ba. Ka matsa masa allo kusa da hanci, ya ji warin kwalta da gashin tunkiya, sai kawai ya fara kiran sunayen shanun babansa ɗaya bayan ɗaya, har guda goma sha ɗaya. Ma'aikaciyar da ke kula da shi ta fita waje ta yi kuka. Kai kuma ka zauna kana yi masa gardama wai ba a taɓa yin saniya mai suna Sarauniya a tsibirinsu ba, don dai ya ci gaba da magana.

Wannan shi ne Taden da kowa ya sani, kuma duk gaskiya ne. Amma ni ban taɓa shiga wurin nunin allunanka ba face gabana yana faɗuwa.

Duk allon da ka yi, babba ko ƙarami, akwai rami a jikinsa. Ɗan zagayayyen rami ne a ƙasa ta hagu, daidai shigar hannun yaro, wanda ba ka taɓa cikewa ba. Masana sun ce wata ne, wasu sun ce ido ne. Ranar da aka buɗe babban nuninka, wata 'yar jarida ta miƙa maka makirufo a gaban mutum ɗari biyu ta ce ka faɗi ma'anarsa. Ina tsaye a baya, kusa da ƙofa kamar kullum. Na ce a raina shi ke nan, yau ce ranar. Sai ka ce, "Nan nake sa yatsa in ɗauka, allon yana da nauyi." Aka fashe da dariya. Ba ka ko dubi inda nake ba. Na fita na yi amai a bayan motoci.

Yaran yanzu da suka tashi da famfo ba su san abin da rijiya take nufi a wurinmu ba. Ko ina ka haƙa a tsibiri gishiri ne. Ruwan sama da ke gangarowa daga rufi shi muke tarawa a rijiyar bulo a tsakar gida, in kuwa teku ya shiga cikinta, gida ya tashi daga samun ruwan sha har sai abin da hali ya yi, ga yara, ga dabbobi. Saboda haka in babban ruwa zai zo, kowa da aikinsa. Maza su koro tumaki da shanu tudu, mata su hau da burodi da barguna ɗakin sama inda ake ajiye ciyawa, maigida ya rufe rijiya da murfi ya liƙe da yumɓu ya ɗora duwatsu. Sai abu ɗaya ya rage, wato kafar da ruwan rufi ke bi ya shiga rijiyar. Ana tura matoshin katako can ciki, hannun babba kuma ba ya shiga. Aikin auta ne a kowane gida. A gidanmu aikina ne.

Ina da shekara tara, kana da sha biyu, Yaya Inken tana da sha bakwai. Watan Oktoba ne, da rana tsaka, iska ta kwana biyu tana bugowa daga arewa maso yamma. Baba ya daɗe a ƙofa yana kallon teku, sannan ya ce wannan ba irin wanda muka saba ba ne, kowa ya kama aikinsa. Ya miƙo mini matoshin. Na je na durƙusa a bakin kafar. Filin da ke ƙasanmu ya riga ya zama ruwa, toka-toka, yana tahowa ba hayaniya, ɓeraye kuma suna ta gudowa tudu ta cikin ciyawa. Wani ƙato ya bi ta kan ƙafata ya shige kafar, daidai inda zan sa hannu. Na tsaya ina kallon ramin. Na ce bari in jira ya fito. Bai fito ba. Na ji Mama tana kira, na sa matoshin a aljihun rigata, na ce zan dawo.

Ba mantuwa na yi ba. Na sha so a ce mantuwa ce. Ina sane da shi a aljihuna lokacin da nake hawa tsani, ina jin nauyinsa yana bugun cinyata, na kuma kasa buɗe baki.

Muna zaune a ɗakin sama mu biyar, ruwa ya fara dukan ƙofar ƙasa. Na naɗe ƙafafuna don sanyi, sai matoshin ya zame ya faɗo tsakanina da kai. Ya gangara a kan katako ya tsaya a gaban takalmin Baba. Har yau in abu ya gangara a ƙasa a gidana sai na dafe bango. Baba bai tambayi kowa ba. Ya ɗauka, ya leƙa ta taga, ya ce ruwa bai kai murfi ba tukuna, akwai sauran lokaci. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba Mama da Yaya Inken ɗaya bakin, ya sauka.

Mama tana riƙe da igiya, ba ta juyo ba, ta ce, "Daga aljihun wa ya faɗo?"

Kafin in ja numfashi ka ce, "Nawa ne, Mama. Ni na karɓa a hannunta, na ce ta tafi zan yi. Na manta."

Na san abin da ke ranka a lokacin. Duka kake tsammanin za ka sha a madadina in Baba ya hau, kai kuwa duka ba baƙonka ba ne. Ba ka san abin da ka ɗauka ba. Ba a fi minti biyar ba muka ji bangon garken tumaki ya faɗi, gidan gaba ɗaya ya girgiza. Mama da Yaya Inken suka yi ta jan igiya, ta taho ba nauyi. Sai a kwana na tara aka sami Baba a kan wani yashi can kudu.

Kana iya janye maganarka a ranar, ko washegari, ko bayan shekara. Ba ka janye ba. Ni kuma na yi ta jiran ranar da za ka gaji.

Mama ba ta taɓa dukanka ba, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba. Ta dai daina kallonka in tana zuba maka abinci, wannan kuwa ya fi duka ciwo. Yaya Inken ce ta riƙa faɗa da baki, don ita ce 'yar gaban goshin Baba, kuma igiyar ta yanke mata tafin hannu har ta bar tabo. Ta faɗa a makaranta, ta faɗa a coci, ta faɗa a gidan biki. Tsibirin da gaba ɗayansa bai kai gida ashirin ba, ina za ka ɓuya? Kana cika sha biyar ka haye gaɓa neman aiki. Ni ma ina cika sha shida na bi bayanka, ban kuma sake komawa ba. Ko da Mama ta rasu za a binne ta a tsibiri, cewa na yi zazzaɓi nake yi.

An ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni duka biyun a gida na ajiye su, na yi ta kiwo. Na yi aure, na haihu, na yi aikin shagon magani shekara arba'in ina ba mutane abin barci, ni kuwa ban san daɗinsa ba. In ka sha giya a biki sai in matso kusa da kai ina sauraron bakinka. In ka yi rashin lafiya sai in ji tsoron abin da zafin zazzaɓi zai sa ka faɗa. Ka duba irin ƙanwar da Allah ya ba ka: kana ɗauke da kayanta, ita kuma tana gadinka kada ka sauke. Duk da haka ba ranar haihuwata da ba ka zo da kifi mai hayaƙi a takarda ba, kana cewa, "Auta, har yanzu ba ki sauko daga saman nan ba? Teku fa ba ya hawa bene."

Saura mako biyu ka rasu na je asibiti, na tarar Marret ta fita shan iska. Na ja kujera, na ce maka na gaji, zan je in gaya wa Yaya Inken gaskiya tun kana da rai. Ka buɗe ido ɗaya.

Ka ce, "Ke Auta, ba ki da kunya? Laifin nan gonata ce. Shekara sittin ina nomanta, duk abin da na yi daga cikinta ya fito. Yanzu da na gama aiki za ki zo ki ce taki ce?"

Na ce, "Tade, ba wasa nake ba."

Ka ce, "Ni ma haka. Yarinya ce 'yar shekara tara ta ga ɓera. Wa zai kai wannan kotu? Inken ta tsufa, ke kaɗai kika rage mata. In kika faɗa, ta rasa mu duka biyu." Ka ɗan huta, sannan ka ce, "Abu ɗaya nake so, a kai ni gida kusa da Baba. Ki lallaɓa ta. Amma ban da maganar nan."

Na ce to. Kuma Allah ya sani, daɗi na ji da ka hana ni.

Tudun cocinmu ƙarami ne, kowane gida da iyakar wurinsa. Namu wurin mutum uku ne. Baba da Mama sun ɗauki biyu, na ukun kuma na Yaya Inken ne, don ita ce ta zauna a tsibiri duk shekarun nan tana share kaburburan tana dasa musu furanni. Ranar Laraba Levke ta buga mata waya ta faɗi roƙonka. Ta dawo wurina idanunta jawur.

Ta ce, "Gwaggo, cewa ta yi ba za a kwantar da shi kusa da mutumin da ya kashe ba. Yaro ne fa a lokacin! Ke kina wurin, ki gaya mini, haka abin yake?"

Na dubi 'yarka, mai irin goshinka, na ce mata bari in dafa shayi. Ko a nan ma tsoro ne ya amsa a madadina. Ta tafi ta fara neman wuri a maƙabartar gari. Da ta fita na zauna na ga abin da ya rage: za a sa ka a ƙasar baƙi da sunan wanda ya kashe ubansa, kuma mutum ɗaya tak a duniya ke iya hanawa.

Jiya Alhamis da safe, da ruwa ya janye, na je bakin layin dogon da ke haɗa gaɓa da tsibirinmu. Shekara hamsin da shida rabona da shi. Yana nan yadda na bar shi, siririn ƙarfe biyu a kan duwatsu, sun miƙe cikin laka har inda ido ya ƙare. Broder mai kai wasiƙa yana loda jakunkuna a amalankensa mai inji. Ya ƙare mini kallo.

Ya ce, "Ba ke ce Keike ta gidan Ketelsen ba? Ai cewa aka yi kin rantse ba za ki sake taka dogon nan ba."

Na ce, "Ban rantse ba, tsoro nake ji."

Ya ce, "To hau ki rufe ido, Gwaggo. In mun faɗa zan gaya miki."

Ban rufe ba, don na ga rufewar ta fi muni. Laka dama, laka hagu, ruwa yana kwance a ramuka yana jiran lokacinsa. Amalanken yana kaɗawa, haƙorana suna haɗuwa, na riƙe jakar wasiƙun mutane da hannu biyu. A tsakiyar hanya, inda ba a ganin gaɓa ba a ganin tsibiri, na kusa ce masa ya juya. Na ƙara ƙanƙame jakar, muka wuce.

Na tarar da Yaya Inken a ɗakin girki. Shekararta tamanin, ta ƙanƙance, amma idon nan yana nan. Ba ta yi mamakin ganina ba. Ta ɗora ruwa, ta zuba mini shayi a kofin Mama.

Ta ce, "In roƙo kika zo yi, sha ki koma kafin ruwa ya kawo. Na riga na ba yarinyar amsa."

Na ce, "Yaya, ba daga aljihun Tade ya faɗo ba."

Na faɗa mata duka, tun daga durƙusawata a bakin kafar har zuwa hawa tsani. Ban san yadda maganar ta fito ba, na dai san ina kallon tabon da ke tafin hannunta har na gama. Ta daɗe tana juya cokali a kofin da ba ta sa wa sukari ba.

Ta ce, "Ɓera."

Na ce, "Ɓera, Yaya."

Ta ce, "Ranar jana'izar Mama na tofa masa yawu a gaban mutane. Ya goge da hannun riga, ya ce in yi haƙuri. Kina ina ranar?"

Na ce ina gida.

Ta ce, "Kina gida. Sau uku yana aiko mini da allo. Na farko gidan nan ne, da Baba a ƙofa. Sau uku ina sarawa ina sawa a murhu." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Shekara hamsin da shida kina kirana a waya duk Lahadi, kina jin abin da nake cewa a kansa, kina cewa, to Yaya, sai haƙuri."

Ta miƙe ta je taga, ta juya mini baya.

Ta ce, "A sa shi a wurina. Ni in na mutu a kai ni duk inda aka samu. Ke kuma abin da kika faɗa mini a ɗakin nan, ki rubuta shi ki sa sunanki, fasto ya karanta a gaban kowa, don a gaban kowa na zage shi. In an gama ki hau dogo ki koma. Kada ki sake kira na Yaya."

To ga shi na rubuta, Tade. Na saɓa maka a abu ɗaya da ka taɓa roƙona in bari, kuma abin da ka ce zai faru ya faru. Ka yafe mini wannan, ka haɗa da na baya. Gobe zan sake hawa amalanken nan a bayan akwatinka, in zauna a cocin da aka yi mana baftisma, fasto ya karanta wannan takarda, mutane su juyo su dube ni. Levke ba ta sani ba tukuna, Marret ma haka, kuma kallonsu nake tsoro fiye da na kowa. Amma zan je, in zauna a gaba, ba kusa da ƙofa ba.

Jama'ar tsibiri, manya da yara, da waɗanda suka ji labarin daga bakin kakanninsu: Tade Ketelsen bai bar rijiya a buɗe ba. Ni Keike na bar ta.

Allah ya jiƙanka, yayana. Ubangiji ya karɓe ka hannu biyu, ya sauke maka kayan da ka ɗauka ba naka ba, ya saka maka da alherin da ka yi wa gwauraye da tsofaffi da ƙanwar da ba ta cancanta ba. Ya sa ka huta kusa da Baba da Mama, ya haskaka makwancinka, ya tashe ka cikin salihan bayinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Marret, wadda ta yi shekara arba'in da tara tare da kai, ta yi ta tsince gashin tumaki daga cikin miyarta ba ta gaji ba, da 'yarka Levke da mijinta da jikokinka uku, da abokan aikinka na bakin teku, da duk wanda ke da allonka a bango. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Ina kuma yi wa Inken Ketelsen ta'aziyya sau biyu: ta ƙanen da ya rasu ranar Talata, da ta wanda na raba ta da shi tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Allah ya sanyaya mata zuciya. Ban roƙe ta gafara ba, don ban ga ta inda zan fara ba. Amin.

Keike Ketelsen, Husum